Dawar da Kaji Suka Ci

Kajin maƙwabciyarmu ne suka tona asirin dokin Baba. Duk ranar da na faɗi haka sai yayana ya ce in daina mayar da zancen gidanmu abin dariya. Ni kuwa ban ga abin kunya a ciki ba, kuma gaskiyar ke nan.

Mu 'yan Agege ne a Legas, a nan aka yanke mana cibiya ni da yayan nawa, a wani gidan haya kusa da layin dogo, inda in jirgi zai wuce sai kwanonin kan kanta su kama rawa. Baba ne ya zo daga arewa yana saurayi. Ya biyo motar shanu, ya yi dako a tashar Iddo, ya yi gadi, daga baya Allah ya mayar da shi kan abin da ya tashi a cikinsa can ƙauyensu, wato doki. Shekara da shekaru yana bakin teku, yana ɗora masu shan iska a kan sirdi, ya ja su ya kai ya komo, a ɗauke su hoto. Dawaki uku ya riƙe. Na ƙarshen shi ne nake magana a kai, wani akawal baƙi wuluk da ya shekara fiye da ashirin a hannunsa. A bayan dokin nan aka yi mana makaranta, a bayansa aka saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi har yau.

Da gwiwa ta kama Baba ya daina zuwa bakin teku, kowa ya ɗauka zai sayar. Ya ƙi. Ya sa aka ɗauko dokin a mota har Agege, aka kafa masa turke a ɗan filin da ke bayan gidanmu, tsakanin katanga da kwata, aka yi masa rumfar kwano. Innarmu ta riga ta rasu a lokacin. Ni kuma aurena ya ƙare na dawo gida da kekena, ina ɗinki a baranda, ina dafa mana ni da shi. Yayana yana da nasa gidan, dillancin shanu yake yi a mayanka. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana zuwa da ƙunshin tsire ya miƙa wa Baba, Baba ya sa masa albarka, ya shige ɗaki da ƙunshin ya turo ƙofa. Haka muka saba gani.

Baba yana da tsarinsa na ciyar da doki, kuma ba a taɓa masa shi. Dawa mudu biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, tsabarta, ba niƙa ba surfe. Harawa daga motocin da ke sauke shanu, yayana ke kawowa dami-dami. Kanwa a ruwan sha sau ɗaya a mako. In ya zuba dawar sai ya ja benci ya zauna yana saurare, don shi a wurinsa ƙarar taunar nan, garas-garas, ita ce lafiyar doki. Yakan ce ingarma da dawa aka san shi, dusa ta awaki ce. A ƙauyensu, in ji shi, in aka ga ingarman mutum da kai cikin dusa, to an gama da dokin, an gama da mai shi, sai dai a yi ta yi masa dariya a bakin kasuwa. Kasuwar da ya baro shekara arba'in, amma dariyarta tana kunnensa.

A shekara ta biyu da dawowarsa dokin ya fara ramewa. Da farko ƙugu ne ya fito, sai haƙarƙari, har ina iya ƙirga su daga inda nake ɗinki. Saman idanunsa ya lotsa, furfura ta cika masa fuska, gashin da ke sheƙi ya koma kamar tsohon bargo. Baba ya ƙara dawa, mudu biyu ya koma uku. Yayana ya kawo maganin tsutsar ciki aka ɗura masa. An yi tofi, an yi turare. Dokin yana cinye dawarsa tas, yana kuma ƙara zubewa.

Wata Juma'a yayana ya daɗe tsaye a gaban turken, hannu a aljihu. Da ya dawo baranda ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Barinsa haka alhaki ne. Akwai wani oga da ke sayen tsofaffin dawaki, bayan Babbar Sallah zai shigo da mota."

Babu wanda ya tambayi inda ake kai su. Duk wanda ya tashi kusa da mayanka ya san tsohon doki ba don hawa ake sayensa ba, wuƙa ce ke jiransa. Baba ya ci gaba da murza carbi, har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce, "To. In Sallah ta wuce yana haka, a zo a ɗauka."

Ni ce na fashe. Na bi yayana har bakin titi ina zazzaga masa, na ce shi duk abin da ya gani mai ƙafa huɗu kilo yake gani, na ce dokin da ya kai shi makaranta shi zai miƙa wa mahauta. Sai da ya tare okada, wato ɗan acaɓa, sannan ya juyo ya ce, "To ke kina da magani?" Ba ni da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, na san gaskiya ya faɗa. Saura wata biyu da 'yan kwanaki Sallah.

Ɗakin da ke kallon namu na Iya ne, wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu. Tun kafin a haife ni take gidan. Ta goya ni, ta zane ni, a bakinta na koyi Yarabanci kafin in iya Hausar kirki. Tana da kaji wajen goma da ke yawo a bayan gida. Wata safiya ina share baranda ta ƙwala mini kira daga wajen turken.

Na tarar da ita tsaye da ɗan kara a hannu, kajinta sun yi dandazo kan kashin dokin suna ta tsattsaga. Ta kore su, ta fasa dunƙule ɗaya da karan ta ce, "Omo mi, 'yata, duba nan." Dawa ce a ciki, ƙwaya-ƙwaya, lafiyarta ƙalau, kamar yanzu aka auno ta. Ta fasa wani, haka. Sannan ta nuna mini ƙasan inda dokin ke cin harawa. Wasu curi-curi ne zube, harawar da ya tattauna ya kasa, ta dunƙule da yawu ta faɗo daga bakinsa.

"Ni ina mamaki," in ji ta da Hausarta mai gauraye, "kajina sun yi ƙiba, ban ƙara musu komai ba. Ashe dawar Baba suke ci. Doki nan ba ya tauna, haɗiya yake." Sai ta buɗe nata bakin ta nuna mini dasashi, haƙori uku ne suka rage mata. "Ni na sani," ta ce.

Da gudu na je wurin Baba, ina ganin na kawo albishir. Yana zaune yana shafa man zafi a gwiwa. Na zayyana masa komai, kaji, dawa, curin harawa. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Koma kan kekenki."

Na ce, "Kaza dai ita ke cin dawar, Baba."

Ban taɓa mayar masa da magana haka ba. Ya ɗago ya dube ni, na ga babu fushi a idonsa, babu kuma mamaki. Rashin mamakin ne ya tsaya mini a rai. Na koma kan keke ina taka shi ba zare, ina tunani. Mutumin da ya shekara arba'in yana buɗe bakin doki ya faɗi shekarunsa, shi ne bai san turamen haƙoran nasa sun cinye ba? Sai na tuna wani abu. Tun da aka kawo dokin, Baba bai taɓa barin kowa ya share masa kashi ba. Da kansa yake kwashewa tun da asuba, ya zuba a buhu ya ɗaure. A watan nan ne kawai gwiwa ta matsa masa, ya koma ba ya fitowa sai hantsi, kaji suka riga shi. Ashe ya sani. Ya daɗe da sani. Yana ƙara dawa ne don ita kaɗai ya yarda ingarma ya ci, kuma ya gwammace a zo da mota da a ga kan dokinsa cikin dusa. Haushi ya kama ni, tausayi kuma ya danne haushin, na rasa wanda zan bi.

Na kai wa Iya ƙara. Na ce ni zan jiƙa dusa in ba dokin ko Baba ya so ko bai so ba. Ta ce in zauna. Ta ce bakina ya fi allurar kekena kaifi, kuma ba a kama tsoho da hannu a cikin tukunya. Ta ce in bar mata.

Washegari da hantsi Baba na kan bencinsa, sai ga Iya tana nishi da daro a kai. Dusar da ta tace daga gasarar kokonta ce ta safiyar nan, jiƙaƙƙiya, mai laushi, ko tsami ba ta yi ba. Ta sauke can gefe, nesa kaɗan da turken, ta gaishe shi da sunan da take kiransa tun muna yara, Baba Eleshin, wato baba mai doki.

"Baba Eleshin, ejo, don Allah ka taimake ni. Dusa nan ta yi mini yawa. In na zuba a kwata ta toshe, mai gida ya yi faɗa. Kajina kuma sun ƙoshi, ba sa ci. Bari in ajiye nan, in rana ta yi na san yadda zan yi."

Baba ya dubi daron, ya dube ta. Ya ce, "Ajiye. Wuri na Allah ne."

Ta tafi abinta ba ta waiwaya ba. Ni ina baranda ina leƙe ta bayan wani zane da na rataya. Dokin ya miƙa wuya, igiya ba ta kai ba. Ya ja, ya huci, ya buga ƙafa. Baba ya daɗe yana kallon katanga. Can ya sa sandarsa ya tura daron kaɗan-kaɗan, kamar wanda ke gyara wa ƙafarsa wuri, har ya shiga inda igiya ta kai. An ce tsohon doki mai sane. Ya sunsuna, ya ɗan taɓa da leɓe, sannan ya nutsa baki. Babu garas-garas, sai wani sauti mai taushi kamar ana dama fura. Bai ɗago ba sai da ya lashe daron. Baba ya juya mini baya gaba ɗaya, na ga kafaɗunsa suna motsi, na saki zanen na koma ciki.

Da la'asar ya kira ni. Ya yi magana kamar da ma shawararsa ce tun farko, ni kuma na bar masa. Ya ce kada a sake ba shi daro guda a lokaci ɗaya, cikinsa bai saba ba, zai kumbura. Ya ce in kai dawar inji a ɓarza, a riƙa jiƙa ta har ta yi laushi. Harawa a tsince karan, a daka ganyen a turmi, a yayyafa ruwa. A jiƙa ƙuli-ƙuli kaɗan a haɗa, da cokalin man gyaɗa, da ɗan gishiri, da dusar Iya in sabuwa ce. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku. Sau biyar a rana, bayan kowace salla, don kada in manta. Abin da ya rage a daro a zubar, zafin Legas ba ya barin jiƙo ya wuni. Na tsaya baki buɗe. Na ce, "Baba, duk ka san wannan?" Ya ce yana yaro ya ga kakansa yana yi wa wata tsohuwar goɗiya. Sai ya ƙara da cewa, "Goɗiya ce dai."

A makon nan kuma ya aika aka kira wani tsohon abokin aikinsa daga bakin teku. Su biyu suka riƙe kan dokin, Baba ya zura hannu har wuyan hannu cikin bakin. Turamen sun cinye sun yi santsi, biyu sun fita, ɗaya kuma ya yi tsini yana yankar kumatu daga ciki. Abokin ya goge tsinin da magagari. Baba ya wanke hannu.

Aikin a kaina ya faɗo, kuma ba zan yi ƙaryar cewa da murna na yi shi kullum ba. Lokacin ɗinkin Sallah ne, kaya sun taru, ni kuwa ina bayan gida ina dakan ganye kamar mai shirin miyar gari guda. Hannuna ya yi kanta. Mai injin layinmu ya sa mini suna uwar doki, in na doso sai ya ce jaririn ya tashi ne. Wata mai kaya ta zo sau uku ba ta samu rigarta ba, ta kwashe yadinta ta kai wani wuri, na raka ta da abin da ya sawwaƙa. Rana ɗaya na yi wayo na jiƙa na azahar da na la'asar tare. Baba ya sunsuna na la'asar ɗin ya tuntsurar a kwata a gabana, ya ce in sake. Na sake, ina gunaguni da Yarabanci don kada ya ji duka. Iya kuwa kowace safiya daronta na nan, kuma kowace safiya sai ta sake ba Baba haƙuri a kan kwatar da za ta toshe.

Mako uku ban ga komai ba. Yayana in ya zo sai ya danna haƙarƙarin da yatsa yadda yake yi wa shanu, ya girgiza kai ya wuce. Na fara karaya. Abin da ya fara canzawa kashin ne, ya dawo sumul babu ƙwaya ko ɗaya, kaji suka zo suka tona suka watse. Daga nan gashin ya fara kwanciya. Wata rana na ɗora taɓarya a turmi, bugu na farko sai ya yi haniniya, irin wadda rabon da a ji ta tun yana bakin teku. Har mai shagon gaban gida ya leƙo.

A bakin turmin nan ne wani tunani ya zo mini, ya sa na ajiye taɓarya. Sau biyu a shekarar na rage wa Baba ƙugun wando. Da hannuna na rage, ina mita cewa yadin yanzu ba shi da kirki, yana saki. Tuwo in na kai masa, miyar yake shanyewa ya ɗan taɓa gefe, naman ya dawo a kwano ya ce ya bar mini. Ga kuma kyanwar gidanmu, da duk Juma'a take zaman jira a tagar ɗakinsa, ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Ni da nake ƙirga haƙarƙarin doki daga baranda, ban ga na ubana ba. Na ji kunya ƙwarai. Na so in tashi in same shi a take, sai na tuna da tsoho da tukunya, na ja bakina na ci gaba da daka.

Sallah ta zo ta wuce. Juma'ar da ta biyo baya yayana ya shigo da ƙunshinsa, ya ce ogan nan mai sayen dawaki yana bakin titi da mota. Na tashi daga kan keke na nufi turken. Dokin bai koma yaro ba, furfurarsa na nan, bayansa a lotse. Amma ƙugun ya rufe, haƙarƙarin sai an danna ake ji, yana tsaye da kunnuwa a miƙe yana kallon turmi. Yayana ya zagaya shi sau biyu, ya danna nan, ya danna can, ya ɗaga leɓensa ya duba. Dokin ya kai masa hanci aljihu. Ya ture shi a hankali, ya fita. Muna jin tashin motar daga inda muke. Da ya dawo ya ce, "Na sallami ogan. Na ce masa babu doki a gidan nan na sayarwa." Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Kilo nawa kika gani?" Na ce ya yafe mini, ya ce sai ya yi shawara.

Na tafi ɗakin Iya na zube gwiwa biyu a ƙasa yadda ta koya mini tun ina ƙarama. Ta ce in tashi in ba ta wuri, na cuce ta, kajinta duk sun rame, ƙwai ma sun rage. Ta ƙi karɓar godiyar, har yau kuma ba ta karɓa ba, shi ya sa nake rubuta ta a nan. Dokin ya ƙara damina biyu a turkensa, da ƙoshinsa, ya mutu a kwance a rumfarsa kan Baba yana kusa da nasa. Damina biyun nan Iya ce ta ba mu, da dusar da take cewa ta rasa inda za ta zubar. Na gode mata da idon da ta gani da shi, na fi gode mata da yadda ta bar wa Baba girmansa.

A ranar Juma'ar nan dai, da na dawo daga ɗakinta, na tarar Baba bai shiga ciki da ƙunshin tsiren ba. Yana kan benci, ƙunshin a cinyarsa, yayana na tsugune a gefe. Kyanwa tana can tagar tana jira. Ya buɗe takardar ya daɗe yana kallon naman. Sannan ya miƙo mini, a gaban yayana, a gaban Iya da ta fito shanya, ya ce, "In kin gama da na dokin, ki daka mini wannan. Ki zuba romo."

Na wanke ƙaramin turmi na daka shi lilis, hawaye na zuba ina sharewa da gefen mayafi. Na kawo masa a kwano da cokali. Dokin na cin nasa a daro, shi yana cin nasa a benci, babu mai ƙarar tauna a cikinsu. Ya cinye tas, ya kankare kwanon, ya tambaya ko akwai saura.